Akwatin Pensilbaniya, kabad ɗin Teksas ko kayan kudancin Burazil: wanne ya kamata ka saya?

Idan dillali ya ce maka kabad ko akwati "aikin Jamusawan ƙaura ne", fara tambayarsa na wace ƙasa. Jamusawan da suka bar gida suka je suka sari daji suka zauna ba wuri ɗaya suka nufa ba, ba kuma a ƙarni ɗaya suka tafi ba. An kafa Germantown a Pensilbaniya ta Amurka a 1683, dubbai suka biyo baya cikin ƙarni na 18. Na Teksas sun kafa New Braunfels a 1845, Fredericksburg a 1846. A kudancin Burazil an fara da São Leopoldo a 1824, sai Blumenau a 1850, Joinville a 1851. Kowane ayari ya tafi da hannun da ya koya a gida, ya tarar da itacen da bai taɓa sarewa ba, ya yi aiki da shi. Shi ya sa kayan suke kama da juna a haɗi, amma suka sha bamban a katako, a farashi, a yawan jabu, da kuma yadda suke jure sauyin iska. Wannan na ƙarshe shi ne abin da masu saye suka fi mantawa da shi, kuma shi ne ya fi cin kuɗinsu.

Kayan da ake samu a Kamaru ana cewa "na zamanin Jamus" wani abu ne daban. Jamus ta riƙe Kamaru daga 1884 zuwa 1916, amma waɗanda suka zauna can jami'ai ne da sojoji da 'yan mishan da masu manyan gonaki, ba ƙauyukan manoma masu kafintocinsu ba. Kada a haɗa su da waɗannan.

Abin da ya haɗa ukun

Alamu biyu ne suka fi nuna hannun Bajamushe. Na farko yana kusurwar akwati ko durowa, inda alluna biyu suke shiga juna kamar yatsun hannu biyu. Kafintan Ingila yakan yanka haƙoran ya shafa gam ya buga. Bajamushe sau da yawa yakan tsaga kan haƙorin da zarto ya danna masa ɗan siririn tsinken katako, haƙorin ya buɗe ya cije raminsa. Idan ka duba kusurwar da fitila za ka ga ɗan layi a tsakiyar kowane haƙori. Na biyu, babban kabad ɗinsu, wanda suke kira Schrank, ana kwance shi. Gindi daban, rawanin sama daban, gefuna da ƙofofi da allunan baya duk suna zarewa, kuma abin da ke riƙe su turaku ne da weji na katako da ake bugawa daga ciki. An yi haka ne don kabad mai tsayin mita 2 ya iya bi ta matsattsiyar matakala. Ga mai jigila yau wannan babbar rahama ce.

Pensilbaniya: fenti ne kuɗin

Abin da ya fi shahara a nan shi ne akwatin da a da ake ba saurayi ko budurwa tun kafin aure, su tara zannuwa da barguna, kusan irin matsayin akwati a kayan ɗakin amarya. Tsawonsa yakan kai santimita 120 zuwa 130, faɗinsa wajen 55 zuwa 60. Mafi yawan na ƙwarai an yi su ne tsakanin 1760 da 1820, a gundumomin Lancaster, Berks, Lebanon da Lehigh. Katakon ba mai tsada ba ne: fofla ko farin fayin, allo shida manya, kowane gefe allo guda. A ciki akwai ɗan ƙaramin akwati mai murfi a gefe ɗaya, hinjin ƙarfe dogaye aikin maƙeri, da makulli mai baki biyu da ke cafke ƙugiyar murfi. Darajar tana jikin fenti: furanni a tulu, zukata, tsuntsaye, dawakai masu ƙaho ɗaya da aka san Berks da su, sunan mai akwatin da shekara. Christian Selzer na Jonestown yana cikin 'yan ƙalilan da suka riƙa karce sunansu a jikin tulun da suka zana.

Tunda fenti ne kuɗin, a fenti ake cuta. Akwatin asali da fentinsa na farko ya sha haura dala 100,000 a gwanjo, alhali irinsa sak da aka kankare aka sake shafawa ba ya kaiwa ko kusa. Dabarar da aka fi yi ita ce a nemo tsohon akwati na gaske marar ado a zana masa furanni. Katako tsoho ne, ƙusa tsohuwa ce, haɗi na Jamusawa ne, zanen ne kawai ƙarya. Ga yadda ake kama shi. Tsohon fenti yana tsattsagewa tare da katakon da ke ƙarƙashinsa. Idan ka ga fenti ya malala cikin tsaga ko ya rufe gurbin da wani abu ya buge, to bayan raunin aka shafa shi. Gogewa kuma tana da wurarenta: gaban murfi inda hannu ke kamawa, kewayen ramin makulli, ƙafafu inda tsintsiya da ruwan wanke daɓe suka yi ta taɓawa. Akwatin da ya goge ko'ina daidai wa daida, takardar yashi ce ta yi aikin. A ɗaki mai duhu, fitilar hasken da ake duba jabun kuɗi da ita tana nuna sabon gyara a matsayin tabo mai duhu. Idan kuɗin da yawa, a kai ɗan ɓarɓashin fenti ɗakin gwaji: farin titaniyom bai shigo kasuwa ba sai wajen 1920, shuɗin altiramarin na masana'anta sai daga 1828, saboda haka ganin ɗayansu a akwatin da aka rubuta wa 1785 ya kashe magana.

A kula, jan fenti da farin fenti na wancan zamani sau da yawa da dalma ake haɗa su. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ya bukatar dogon bayani. Kada a goge irin wannan akwati da takardar yashi, kada a ajiye shi inda yaro mai rarrafe zai ciji bakinsa.

Kabad ɗin Pensilbaniya kuwa na walnat ne, itace mai duhu da nauyi, kusa da maɗaci a ido amma ya fi shi baƙi. A Lancaster wasu kafintoci sun riƙa sassaƙa rubutu da furanni a jikin katakon su zuba narkakkiyar farar wuta a ciki, ta daskare ta zama ado rawaya. Wanda aka yi wa Georg Huber a 1779 yana gidan adana kayan fasaha na Filadelfiya. Farar wuta tana narkewa a wajen digiri 115, kuma idan ta daskare ba ta lanƙwasa ko kaɗan. Katako ya motsa, ita ba ta bi shi ba, sai ta ɓantare. Irin waɗannan kabad ɗin ba su da yawa, kuma gaskiyar magana wurinsu ɗakin da ake sarrafa iskarsa ne.

Teksas: kyan katako da kyan layi

Waɗanda suka zo Teksas sun baro Jamus ne a lokacin da salon Biedermeier ke tashe, wato tsakanin 1815 da 1848: babu yawan sassaƙa, babu zane, sai fili mai santsi, ƙafa mai ɗan lanƙwasa, da rawani mai sauƙi. A Turai a lokacin ana manna siririn ɓawon itace mai tsada a kan katako mai araha. A Teksas walnat na nan a bakin koguna, sai kafintoci irin su Johann Michael Jahn na New Braunfels da Johann Peter Tatsch na Fredericksburg suka yi ta aiki da katako tsantsa. Masu ƙaramin ƙarfi aka yi musu da jan fayin mai ƙaro ko saifires, kujeru kuma aka ɗaure musu ɗanyar fatar sa a mazauni. Zamanin gajere ne, shekara 35 zuwa 40. Da jirgin ƙasa ya iso wajen 1880 ya kawo kayan masana'anta masu araha, aikin hannu ya ja baya. Wanda ke son horar da idonsa ya je gidan adana kayan katakon hannu na Teksas da ke New Braunfels, ko gidan tarihi na Bayou Bend a Houston.

Rashin ɓawon nan shi ne babbar falala. Ɓawo da gam ɗin fata ake manna shi, kuma zafi da bushewa suna sa ya kumbura ya ɗago. Katako tsantsa ba shi da wannan ciwo. Ƙofar kabad ɗin kuma firam ce mai allo a tsakiya, allon yana zaune cikin kwari ba tare da gam ba, yana da wurin shiga da fita idan ya tsuke ko ya buɗe. Idan iska ta bushe, abin da za ka gani kawai shi ne ɗan farin layi a gefen allon inda banish bai kai ba.

Matsalar Teksas ta asali ce. Kaɗan ne daga cikin kafintocin suka sa hannu a aikinsu, kuma kabad ɗin walnat na Jamusawan jihar Mizuri yana kama da shi ƙwarai. Kalmar "Teksas" tana ƙara farashi, don haka a nemi takarda: rasit ɗin gwanjo, tarihin gidan da ya fito, tsohon hoto. A kuma leƙa baya da cikin durowa. Idan katakon ɓoye jan fayin ne ko saifires ko sida, ya dace da yankin. Idan farin fayin ne ko fofla, akwai alamar daga arewa ya gangaro.

Kudancin Burazil: araha a can, wuya a fitarwa

Kayan mazauna kwarin Itajaí, a jihar Santa Catarina inda Blumenau take, da jihar Rio Grande do Sul na manoma ne: kabad, akwati, gado, benci, teburin kicin, shimfiɗar jariri. Itacen na dajin yankin ne, wato arokariya da suke kira pinho, da canela, da cedro, da imbuia mai duhu. Wasu an shafa musu launi guda, wasu mai kawai. Sun fi na Amurka araha nesa ba kusa ba, kuma ana iya ganin na ƙwarai a gidan tarihin iyalan mazauna na Blumenau da na ƙaura da ke Joinville.

Sai dai akwai cikas uku. Dokar Burazil mai lamba 4,845 ta 1965 ta hana fitar da kayan fasaha da na sana'ar hannu da aka yi a ƙasar har zuwa ƙarshen mulkin sarauta a 1889, kuma kayan ɗaki suna ciki. Ke nan mafi tsufa, wanda shi ne mafi daraja, ba ya fita a matsayin haja. Wanda aka yi bayan 1889 sai ka iya nuna shekarunsa, kuma IPHAN, hukumar kula da kayan tarihi ta Burazil, ce ake tuntuɓa tun kafin a biya kuɗi. Idan akwai katakon jakaranda ta Bahia a jiki, ko da ɗan ado ne, tana sahun farko na yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, tun 1992, takardarta daban. Na biyu, kasuwar cike take da sababbin kaya da aka ƙera da katakon rusassun gidaje. Ba laifi ba ne idan an faɗa, amma ana sayar da su da sunan tsoffi. Alamarsu ramukan ƙusa a inda babu abin da ƙusa za ta riƙe, da hanyoyin ƙwaro a buɗe a fuskar allo. Ƙwaro ciki yake bi, ba ya yawo a sarari. Idan ka ga hanyarsa a kwance kamar zane, zarto ne ya ratsa ta bayan ya gama ci. Na uku ruwa. Blumenau ta sha manyan ambaliya a 1983 da 1984, don haka a duba ƙafafu da gindin kabad: layin da launi ya canja, haɗin da ya saki, ƙafar da aka sauya.

Lissafin da ke raba gardama

Katako yana tsukewa da buɗewa a faɗinsa, ba a tsawonsa ba. A iska mai danshi kashi 50 cikin 100, ruwan da ke jikin katako yakan tsaya wajen kashi 9. Danshi ya sauka zuwa 20, ya koma kashi 4 da rabi. Ya hau 80, ya kai 16. A Kano ko Zinder hunturu yana kai danshi ƙasa da 20, Agusta kuma ya ɗaga shi sama da 70. Allon fofla yana motsa kimanin kashi 0.29 cikin 100 na faɗinsa a kan kowane kashi 1 na ruwa. Ɗauki murfin akwati mai faɗin santimita 55: daga damina zuwa hunturu ruwansa zai canja da kashi 10, faɗinsa kuma da ɗan fiye da santimita 1 da rabi. Amma bakin murfin an buga masa sanda a gicciye, wadda ba ta tsukewa a tsawonta. Allo na ja, sanda ta ƙi, sai ka ji ƙara da dare, da safe ka tarar da tsaga daga wannan baki zuwa wancan. Fentin da ke kai, wanda ya riga ya bushe shekara 200, yana tashi kamar ɓawon gyaɗa.

Da wannan ma'auni, akwatin Pensilbaniya mai zane shi ne mafi rauni, domin manyan alluna ne da fenti. Na Burazil ya fi kowa shan wahalar zuwan farko, saboda ya saba da iska mai laima; daga kashi 15 ko 16 zai faɗo zuwa 5 cikin 'yan makonni idan ya sauka a Disamba. Kabad ɗin Teksas mai firam da allo, marar fenti, marar ɓawo, shi ya fi jurewa. Mai zaune a Landan ko Niyok ma bai tsira ba, domin na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska lokacin sanyi kusan kamar hunturu.

Maganin ba mai wuya ba ne, amma yana son naci. A sayi ƙaramar na'urar auna danshi, a riƙe ɗakin tsakanin 40 da 60. A nisanta kayan daga taga da bakin iyakwandishan. A shirya jigila yadda za su iso da damina, su bi iska a hankali zuwa rani. Idan sun iso, a bar su cikin ledarsu, a riƙa buɗe ta kaɗan-kaɗan har mako 3 zuwa 4.

Ƙwaro, ƙusa da gyara

Ramuka masu faɗin milimita 1 zuwa 2 aikin ƙwaro mai huda katako ne. A shimfiɗa baƙar takarda a ƙasa mako 2. Gari mai haske ya zubo, yana raye. Idan abin da ya zubo tsaba ce kamar yashi, garar busasshen katako ce, wadda ta yi yawa a kayan Burazil, musamman na arokariya. Kayan da ba su da fenti ana naɗe su a leda a rufe ruf, a sa su a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda, a bar su su huce cikin ledar kwana 1 ko 2 don kada raɓa ta zauna musu. Mai fenti ko farar wuta gara a kai shi wurin masu jakar naitirojin, inda ake cire iskar shaƙa na mako 3 ko fiye. Kada a zuba kananzir ko baƙin mai a ramukan: tabon ba ya fita. A gida kuma garar ƙasa ce abokiyar gaba, don haka a ɗora ƙafafu kan tayil ko faranti na ƙarfe, a bar taƙi guda tsakanin kabad da bango.

Ƙarfe yana faɗin shekaru fiye da bakin dillali. Ƙusar maƙeri mai kai kamar fure ta yi zamani har wajen 1800. Ƙusa mai kusurwa huɗu ta inji ta karɓa daga 1790 zuwa wajen 1890, sannan zagayayyiyar ƙusar waya. Sukuru mai tsini bai yaɗu ba sai bayan 1846. Na kafin nan bakinsa a dakushe yake. Sawun zarto mai lanƙwasa a bayan allo na zarton inji mai juyawa ne, wanda bai dace da akwatin 1780 ba, amma ba abin mamaki ba ne a kabad ɗin Teksas na 1870. A Burazil aikin hannu ya daɗe a ƙauyuka, saboda haka sawun hannu kaɗai ba ya tabbatar da cewa abu ya riga 1889.

Wajen gyara, kuskuren da ya fi yawa shi ne a ba kafinta ya "sabunta". Zai goge, ya fesa banish mai ƙyalli, ya cika tsaga da farin gam, ya ɗaure allon da ya kamata ya yi motsi da sukuru. Daga ranar rabin daraja ta tafi, kuma allon da aka ɗaure zai tsage a hunturu na gaba. Gam ɗin fata ake amfani da shi, a narka shi a wajen digiri 60, domin ruwan ɗumi yana kwance shi idan an so gyara nan gaba. A gwada rufin katakon da ɗigon sifirit a ɓoyayyen wuri: ya yi danƙo, shalak ne, wato irin banish ɗin da sifirit ke narkarwa. Tsafta kuwa busasshen ƙyalle mai laushi, sai kakin zuma siriri sau ɗaya a shekara a kan katakon da ba fenti.

To wa zai ɗauki wanne? Mai tara kayan tarihi da ke Amurka ko Turai, yana da ɗaki mai daidaitacciyar iska da kuɗin gwajin fenti, akwatin Pensilbaniya ne nasa, kuma gara ƙarami mai fentin asali da babba da aka taɓa. Mazaunin Burazil da ke son kayan amfanin yau da kullum ya sayi na Santa Catarina ya more shi a can. Wanda kuwa zai kawo abin ƙasar Hausa ya rataye riguna a ciki, shawararmu kabad ɗin Teksas na walnat ko jan fayin, wanda ake kwancewa. Kafin a kwance shi a ɗauki hoton kowace kusurwa, a rubuta lamba da alli a cikin kowane allo, a tara weji da turaku a jaka guda a ɗaure ta a jikin gindin, domin kowane weji raminsa aka fiƙe shi. A cire ƙofofi tukuna, sai rawani, sai baya, sai gefuna, mutum biyu na riƙe. Akwatin jigilar ya kasance mai hatimin ISPM 15, wanda ke nuna an yi wa katakonsa maganin ƙwari, takardar kwastan kuma ta nuna lamba 9706, ta kayan da suka haura shekara 100, tare da shaidar shekarun daga wanda ya sayar.